Maƙogwaron Zaki a Tukunyar Umma

Ummanmu tela ce, amma ba ɗinki ne ya sa aka san ta a layinmu ba, murya ce. Lasifika ake kiranta a bayan idonta, marasa kunya har a gabanta, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Idan tana gwada wa yarinya rigar makaranta a cikin shago, mai sayar da gas na ƙarshen layi zai iya gaya maka faɗin kafaɗar yarinyar. Kada in yi mata sharri, ba faɗa take yi kullum ba. Haka Allah ya yi ta, gaisuwarta da faɗanta da addu'arta duk da ƙarfi ɗaya suke fitowa. Ko sirri za ta gaya maka, sai ta jawo ka kusa, ta ce kada kowa ya ji, sannan ta sanar da unguwa.

Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gidanmu, an raba shi biyu da katako. A dama kekenta da teburin yanka da tulin ƙyallaye. A hagu Abba da agogunansa, don shi mai gyaran agogo ne, kullum da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya da hantsaki a hannu. Ku duba wannan haɗi don Allah. Mutumin da abincinsa ya dogara da jin bugun agogo ya auri matar da ake ji daga bakin titi. Idan ya gama gyara, sai ya ɗauki agogon ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa, a can ne kawai yake iya jin ko yana bugawa daidai. Tun ina yarinya maganar da na fi ji daga bakinsa ita ce, "Maman yara, a taimaka a ɗan rage." Ita kuma ta ce, "Malam, ai a rage nake."

Mu biyu ta haifa, ni Auta da Yayana. Ni na ɗauko bakinta. Shi ya ɗauko shirun Abba, ya haɗa da wata ɗabi'a da har yau ba mu san inda ya samo ta ba. Tun yana firamare ba a zubar da ƙashi a gidanmu. A ci kaza, yana gefe yana jira kamar kyanwa, ba don nama ba. Ya tattara ƙasusuwan ya wanke, ya shanya a kan taga, ya saci zaren Umma da gam ya mayar da kazar tsaye. Wata rana ya tsinci mataccen ɓera, ya dafa shi a tukunyar shayinta don naman ya saki. Abin da ya biyo baya, tsofaffin layin suna ba da labarinsa har gobe.

Mun sa rai zai zama likita. Ya yi karatu har ya ƙure, ana ce masa Dakta, amma ko ciwon kai bai iya dubawa ba. Aikinsa a jami'a shi ne kwatanta jikin dabbobi masu ƙashin baya. Ya ɗauko maƙogwaron kwaɗo, ya ɗauko na akuya da na kada, ya jera su a tebur yana aunawa, yana neman inda suka yi kama da inda suka rabu. Umma ta raɗa masa suna Dakta Kwarangwal, sunan ya bi shi har wurin aiki.

Babban burinsa a duniya wani tsohon zaki ne a gidan namun daji. Ya samu izini cewa idan zakin ya mutu a ba shi maƙogwaron, don yana son ya ga abin da ke sa ruri ya yi nisa haka. Shekara da shekaru yana buga wa ma'aikatan waya, "Ina kwana, yaya jikin zakin?" Da farko sun ɗauka mai tausayi ne, har suna gode masa. Da suka gano shi suka daina ɗaukar wayarsa. Umma ta ce, "Ni da na haife ka ba ka tambayar jikina haka, kuma na gode Allah." Daga ƙarshe dai zakin ya gaji ya mutu. Yaya ya zo gida yana washe baki kamar an yi masa haihuwa. Ya adana abin a firizar ɗakin bincike, yana jiran a gyara na'urar da zai auna shi da ita.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ita kuma masaniyar harshe ce. Ranar da ya fara kawo ta gaisuwa, ta durƙusa da ladabi, sannan ta kafe bakin Umma da ido. Umma na magana, ita tana kallon leɓe. Umma ta tashi ta duba madubi ko wani abu ya maƙale mata a haƙori, ta dawo, kallon bai canja ba. Can yarinyar ta ce, "Umma, don Allah ku sake faɗin abin da kuka faɗa yanzu, a hankali." Ashe aikinta ke nan. Tana nazarin yadda sauti ke fita daga bakin mutum idan yana hirarsa ta yau da kullum, inda harshe ke taɓawa, yadda murya ke hawa da sauka. Maƙogwaro ne ya haɗa su da Yaya a wani taro.

"Shi matattu, ita masu rai," in ji Umma. "Sun raba duniya, Allah ya ba da zaman lafiya."

Ita ma ta samu nata sunan, Mai Kallon Baki. Amma Umma na son ta, don ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa cewa a rage ba.

Cin abinci da su biyun nan azaba ne. Kana tauna, Yaya zai gaya maka cewa ƙananan ƙasusuwan da ke cikin kunnenka, takwarorinsu a jikin ƙadangare a muƙamuƙi suke. Kana cin wuyan kaza, zai ce tsuntsu ba da maƙogwaro yake kuka ba, muryarsa can ƙasa take, a ƙirji, inda hanyar iska ta rabu biyu. Anti kuma ta karɓe, ta ce mu ɗora yatsa a wuya mu ji yadda yake rawa. Sau nawa ina tashi da kwanona in koma kicin. Kuma duk zuwa sai Anti ta roƙi Umma ta bari ta ɗauki muryarta a rikoda, wai ba ta taɓa cin karo da irinta ba. Umma ta ce ita ba gidan rediyo ba ce, mai son ji ya zo da ƙafarsa.

Bara muryar ta fara dishewa. Muka ce mura ce. Ta sha zuma da lemun tsami har ta gaji, abin bai tafi ba. Wata rana Yaya ya ce ta ɗaga kai, ya ɗora yatsunsa a wuyanta yana lalubawa. Ta ce, "Yau kuma ni ce akuyar?" Bai yi dariya ba. Na kalli fuskarsa, na gane ba mura ba ce.

A asibiti aka zura mata siririyar kyamara ta hanci, aka yi gwaje-gwaje. Likitan ya zaunar da mu ya ce ƙari ne, an yi sa'a an gano shi da wuri. Za a yi tiyata kafin wata ya ƙare, a cire wani sashe na maƙogwaron. Rai dai, in Allah ya yarda, babu fargaba. Murya ce ba za ta dawo yadda take ba, abin da zai rage bai wuce raɗa ba. Umma ta saurare shi har ya gama, sannan ta juya wajen Yaya.

"Kai da ka ce ta kaza a ƙirji take. Da ni kaza ce, da sai ya yanka abinsa ya bar mini muryata."

Likitan ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya daina. A mota babu wanda ya ce uffan. Ban taɓa shiga mota da Umma aka yi shiru ba, har na ji ƙarar da tayar baya ke yi, ashe ta daɗe tana yi. Da muka iso ƙofar gida, kafin ta fita, ta taɓa kafaɗar Anti.

"'Yar nan, ki kawo na'urar taki. Ki ɗauka tun tana nan. Ba na so a wayi gari a gidan nan wani ya ce, wai yaya ma take magana?"

To, a nan aka shiga uku.

Anti ta kai mu ɗakin ɗaukar sauti na sashensu, wani ɗan akurki da aka manne bangonsa da soso. Umma ta zo da sabon leshi, da turare, da gilashin da ba ta sawa sai za ta je banki. A ƙofa tana nan yadda na san ta, har ta ce wanda ya yanka soson nan bai san almakashi ba. Ana rufe ƙofa, jar fitila ta kama, sai ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya, ta matso da baki kusa da makirufo.

"Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Da fatan kowa ya tashi lafiya."

Na dubi Anti ta gilashin tagar ɗakin, Anti ta dube ni. Wata siririyar murya ce mai iyayi, irin ta matan da ke sanar da tashin jirgi. Anti ta ce ta saki jiki, ta ba da labarin yadda ta koyi ɗinki. Umma ta ce, "Alhamdulillahi, sana'ar ɗinki sana'a ce mai albarka, muna kira ga matasa su rungume ta." Wannan fa matar da 'yan koyon da ta kora sun fi a ƙirga. Aka nuna mata hotuna ta faɗi abin da ta gani. Aka nuna kare, ta ce, "Wannan dabba ce mai amfani wajen gadi." Wallahi a gida ba haka take kiran karen maƙwabta ba.

Da aka kunna mata ta ji, ta yi tsaki ta ce, "Wace ce wannan mai shegen iyayin?"

"Ke ce, Umma," na ce.

"Allah ya kiyaye. A sake."

Aka sake, ta fi na farko muni, har da godiya ga hukumar jami'a. Anti ta ce kada mu damu, haka kusan kowa yake yi, matsalar aikinsu ke nan tun fil azal: kana son ka ji yadda mutum ke magana idan ba a sauraronsa, kuma ba ka da hanya sai ka saurare shi. Na ce to a ɓoye rikodar mana a ƙarƙashin ƙyallaye, a huta. Ta ce a'a, a aikinsu ba a ɗaukar muryar mutum ba da izininsa ba, ko uwar mijinka ce. Na ji kamar in shaƙe ta. Lokaci na tafiya, ita tana mini ƙa'ida.

Umma ce ta raba gardamar. Ta ce ta ba da izini tun yanzu, a ajiye na'urar a gida, duk wanda ya ga dama ya kunna a duk lokacin da ya so, kada a gaya mata. Muka ce madalla. Ba mu san mun jawo wa kanmu bala'i ba.

Tunda ba ta san lokacin da ake ɗauka ba, sai ta ɗauka kullum ana ɗauka. Gidanmu ya koma gidan ladabi. Ta ce mini, "Auta, idan ba damuwa, ko za ki miƙo mini almakashi?" Ni da aka saba kira da "ke mai kunnen ƙashi". Ta riƙa zargin komai, ta leƙa bayan labule, ta gaida kwandon zare da girmamawa. Wata mata da ta saba kawo yadi ana gobe biki ta shigo a ɗarare, tana jiran a wanke ta tas kamar kullum. Umma ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, ai ba komai, kowa yana mantuwa." Matar ta ajiye yadin ta fito da baya da baya, ta same ni a waje ta ce, "Auta, gaya mini gaskiya, jikin ya yi tsanani ne?"

Shi kuwa Abba, karon farko a rayuwar aurensa yana jin agogunansa daga inda yake zaune, ba sai ya shiga banɗaki ba. Na ɗauka zai ji daɗi. Sai na ga yana buɗe agogo ya rufe, ya sake buɗewa, bai taɓa komai ba. Ya ɓatar da ƙaramin sukuru, abin da bai taɓa yi ba, muka yi ta rarrafe muna nema. Ranar tiyata tana matsowa, muryar tana ƙara dishewa, abin da muke da shi a rikoda kuwa sanarwar tashin jirgi ce kawai. Na shiga ɗaki na yi kuka don haushi, ba don tausayi ba. Ko duka biyun ne, oho.

Ana saura 'yan kwanaki, firizar ɗakin binciken su Yaya ta lalace. Ya rarraba kwaɗi da sauran tarkacen ga abokan aiki, amma zakin bai yarda da kowa ba. Ya sa shi a cikin kular ƙanƙara ya taho gida da rana tsaka, lokacin ni da Umma muna asibiti ana ɗibar jininta. Abba kaɗai ya tarar. Ya tura ƙunshin can ƙasan firizar Umma, cikin baƙar leda, ya roƙi Abba kada ya bari kowa ya taɓa, gobe da safe zai zo ya ɗauka. Abba ya gyaɗa kai.

Washegari da hantsi Umma ta buɗe firiza ta ci karo da ledar. Ina tsaye ina wanke kofuna. Ta leƙa shago ta ce da sabuwar muryarta ta ladabi, "Malam, ko ka san naman mene ne wannan?"

Abba bai ɗago daga agogon hannunsa ba. Ya ce, "Yaronki ne ya kawo jiya. Ya ce na musamman ne."

Ku lura, bai yi ƙarya ba. Ni ma ban san komai ba a lokacin, na rantse. Umma ta tsaya riƙe da ledar, idonta ya ciko. Ta ce, "Allah sarki. Tun da na haifi yaron nan bai taɓa kawo tsoka gidan nan ba sai ƙashi. Ashe yana da zuciya." Ta sauko da babbar tukunyarta, wadda ba ta bari kowa ya taɓa, ta jiƙa abin ya saki. Ta juya shi ta ce wuyan sa ne, amma san ya yi girma, kuma mahaucin ɗan koyo ne. Ta yanka albasa da tafarnuwa, ta ɗora a wuta. Har da 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi.

Ya fara tafasa ke nan Yaya da Anti suka yi sallama, shi da kularsa a hannu. Ya buɗe firiza, ya laluba, ya sake lalubawa. Ya juyo ya ga baƙar ledar a kwandon shara. Ya kalli tukunya. Ya ɗaga murfin, tururi ya bugi gilashinsa. Wani sauti ya fito daga bakinsa wanda ko Anti ba ta da sunansa.

"Umma, zakina ne. Kin dafa mini zakina."

"Na dafa maka me?"

"Maƙogwaron zakin. Shekara nawa ina jira, Umma, kin sa masa albasa."

A daidai nan na ga Abba a bakin ƙofar kicin. Ban ji shigowarsa ba. Ya miƙa hannu kan kantar kicin inda rikodar take, ya danna da ɗan yatsa a hankali, kamar yadda yake saita agogo. Jar fitila ta kama. Umma ba ta gani ba, kuma ko ta gani ina jin ba za ta damu ba. Ta ajiye ludayi. Ta cire gilashin bankin, wanda tun da aka kawo rikoda ba ta rabuwa da shi. Ta ja numfashi tun daga tafin ƙafa.

"Zaki. Zakin da ya mutu don kansa, ba wanda ya yanka. A tukunyata! Kai Dakta Kwarangwal, dube ni nan. Ka fara da ɓera, ka ƙare da zaki, lallai an samu ci gaba, karatu ya yi amfani. Mutane suna haihuwar likita, suna haihuwar lauya, ni na haifi mai jiran gawa. Ina nan ina sa maka albarka, ina cewa yarona ya yi hankali ya kawo nama, ashe mushe ne, mushen ma na mai cin mutane. Saura ƙiris in ɗanɗana gishiri. Da na ɗanɗana, da yau sai ka haɗa ni da zare da gam ka tsayar a ofishinka. Wane irin mutum ne zai sa zaki kusa da kifin mutane bai ce komai ba? Ka rasa inda za ka kai shi duk faɗin jami'arku, mai ɗakin soso, sai firizata?"

Muryar a dishe take, tana tsagewa a wasu wurare, amma ita ce. Tagar kicin har rawa take yi. Mai gas ya gaya mini daga baya cewa ya ajiye abin da yake yi ya ce, "Alhamdulillahi, Lasifika ta warke." Ta gama da Yaya ta juya kan Anti, wadda ta kafe bakinta da ido hawaye na zuba: "Ke kuma kalli, kalli da kyau, ga harshen, ga haƙoran, ki rubuta." Ta juyo kaina, wai ina tsaye kamar turmi ban iya shinshina nama ba. Ta bi ta kan ma'aikatan gidan namun daji, da wanda ya ƙera firizar jami'a, da matar yadin nan da ta ce wa ba komai, ta ce akwai komai, ta dawo ta ɗauki tsiyarta. Sannan ta dawo kan Yaya.

"Kuma ka kwantar da hankalinka, ba ka yi asara ba. Jibi wancan mai farar rigar zai yanke nawa. Ka je ka karɓo, ka sa a leda, ka ajiye kusa da na kwaɗo. Ka auna ka ga abin da ke sa shi nisa."

Yaya ya zauna a ƙasa, a kan tayil, ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba. Umma ta dube shi, ta yi tsaki, ta kashe wutar, ta dafa kansa ta ce ya tashi kada sanyi ya kama shi. Abba ya sake danna rikodar ya koma shago.

Da yamma Yaya ya same shi a can. Ina jin su ta katako. Ya ce, "Abba, na ce kada a bari kowa ya taɓa."

Abba ya ce, "Ka ce." Can ya ƙara, "Wani zakin zai mutu. Ka yi haƙuri."

An yi tiyata lafiya, likita ya ce an cire abin duka. Tukunyar kuwa Umma ta ce ko kyauta ba za ta ba wani ba, Yaya ya tafi da ita ɗakin bincike, yanzu a ciki yake dafa ƙasusuwansa. Guringuntsin zakin bai lalace duka ba, ya samu abin aunawa, ko da yake ya ce har yau yana ƙanshin tafarnuwa. Ya samo wani zakin a wani gari, matashi ne mai ƙoshin lafiya, ya fara buga waya. Anti ta rubuta dogon nazari a kan faifan, da izinin Umma, ta ce ba ta taɓa samun magana mai tsabta irin wannan ba. Ta kuma yanyanka shi gutsu-gutsu ta zuba wa Umma a waya. Yanzu idan mai yadi ta makara, Umma ba ta wahalar da kanta. Ta danna waya, a ji "akwai komai, dawo ki ɗauki tsiyarki", ita kuma tana murmushi tana zura zare a allura. Sauran magana da raɗa take yi, sai ka matso. Idan ba ka matso da wuri ba ta buga almakashi a tebur.

Ban saba ba har yanzu, ba zan ɓoye ba. Nakan shigo layin in ji shiru, sai in tsaya in kasa kunne.

Ran nan na dawo daga aiki da la'asar, tun daga wajen mai gas na jiyo ta: "Ka fara da ɓera, ka ƙare da zaki." Na ɗauka wata mai yadi ce ta shiga hannu. Na leƙa dama, ba kowa sai Umma a kan keke, wayarta a ajiye a kashe. Daga hagu sautin ke fitowa. Abba ne zaune da madubinsa a ido, ya jingina tsohuwar rikodar Anti da katakon, ya ƙure sautin, hannunsa na aiki cikin agogo tsaf, ba ya ko rawa.

Na ce, "Abba, wannan fa?"

Ya ce, "Hannuna ba ya tafiya idan ba ta yi."

Umma ta buga almakashi a tebur. Na zagaya na kai kunnena bakinta. Idonta a kan ɗinki, leɓenta na bin faifan kalma da kalma, sai da aka kai ƙarshen jimlar sannan ta raɗa mini saƙon.

"Ce masa a taimaka a ɗan rage."

Na gaya masa. Ya ce to. Ya gama ɗaure agogon, ya tashi ya shiga banɗaki da shi ya rufe ƙofa, ya bar rikodar tana yi.